Barci a Tudun Muntaza

"Ni ba inda za ni, Ukasha! Wallahi ba inda za ni!"

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ji Yumma, mahaifiyata, ta yi gyaran murya daga cikin ɗaki. Shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa da ledar tuffa a hannu, yana haki saboda hawan bene.

"Afra, yini ɗaya ne fa..."

"Yinin nan ɗaya shi kaɗai gare ni! Ba asibiti, ba gidan madam, ba layi. Ka bar ni in kwanta, don Allah."

"Ba ni na nema ba. Hajja ce."

Na juya. Yumma ta dafo bango ta fito, mayafinta na jan ƙasa.

"Ni na ce masa, ya bitti, 'yata," ta ce a hankali. "Kafin mu bar ƙasar nan ina so in ga itace. Itace na gaske, mai inuwa. Na gaji da kallon bangon maƙwabta."

Shi ke nan. Na karɓi ledar daga hannunsa ba tare da na kalle shi ba.

Mu Hausawan Damazin ne, a Sudan, jikokin mahajjatan da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gari. Yaƙin 2011 ne ya tashe mu. Abbana, Malam Ayuba, bai fito da rai ba. Ni da Yumma muka gangaro Khartum, daga nan Alƙahira, muka samu ɗan gida a Hadayek el-Maadi, can saman wani tsohon bene da tagarsa bango take kallo. Shekara ba ta zagayo ba ƙodar Yumma ta tsaya. Tun daga nan rayuwata ta rabu gida uku: asibitin wankin ƙoda, gidan wata mata a Zamalek inda nake rainon yara, da layin ofishin 'yan gudun hijira.

A asibitin na haɗu da Ukasha. Na manta katin Yumma a gida, tana ta yi mini faɗa da Hausa, don ta san ba mai ji.

"Ke dai Allah ya shirye ki, Afra!"

"Amin, Hajja," wata murya ta amsa daga bayanmu.

Kunya kamar in nutse. Dogo ne, siriri, ya rako wani abokinsa da ba shi da lafiya. Ɗan Mubi ne, daga Najeriya, yana karatun Shari'a a Azhar, yana zaune a unguwar Darrasa, da yamma yana tsare wa wani tsoho shagon littattafai. Ranar shi ya raka mu gida. Da ƙafafun Yumma suka ƙi hawa benen, bai tsaya shawara ba, ya durƙusa ya ce, "Hajja, ni ɗanki ne," ya goya ta har sama.

Ban san ranar da na fara son shi ba. Na dai wayi gari na ga idan bai kira ba abinci ba ya shiga.

Aure kuwa ba hali. Tun farko an ja mana kunne a ofis: in na yi aure, maganar tafiyarmu ƙasar Turawa ni da Yumma ta wargaje, sai a sake lale. Jikin Yumma ba zai ɗauki wani sabon jira ba. Sai muka ce bari mu ga abin da Allah zai yi. Muka yi ta gani, shekara na bin shekara.

Sannan abubuwa biyu suka faɗo mana kusan tare. A ƙarshen 2014 'yan bindiga suka shiga Mubi. Mahaifinsa, Alhaji Badamasi, ya rasu a hanyar gudu. Dada, mahaifiyarsa, da ƙannensa suna Yola a raɓe gidan wani ɗan'uwa, kuma Ukasha ne babba. Bayan 'yan watanni aka kira ni a waya daga ofis: Kanada ta karɓe mu, mu fara shiri.

Na yi shekaru ina mafarkin wannan kiran. Da ya zo, a bakin titi na zauna, na rasa kuka zan yi ko guɗa.

Tun ranar ni da Ukasha ba mu taɓa maganar ba. Sai dai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Don me ka makara? Don me ba ki ɗauki waya ba? Kowa ya san inda ciwon yake, ba mai son taɓawa.

*

Da safiyar Asabar muka shiga jirgin ƙasa daga tashar Ramsis zuwa Iskandariyya. Yumma ta manne da taga kamar ƙaramar yarinya, tana kallon gonaki.

"Dubi shanu, Afra! Dubi ruwa a rafi... Allahu Akbar. Ashe duniya tana nan."

Ni idona yaji yake yi. Daren jiya ƙafarta ta yi ta ɗaurewa, ina matsa mata har asuba. Ukasha na kujerar da ke fuskantarmu, ya buɗe littafi a cinya, amma ban ga ya juya shafi ba.

Daga tashar muka hau ƙaramar bas har Muntaza, can ƙarshen gari inda gidaje suka ƙare, lambu ya fara. Muna shiga ƙofa iska ta canja. Ƙamshin ƙaro da gishirin teku suka bugi hancina. Dogayen dabino a jere, bayansu itatuwan sanaubar masu ganye kamar allura, ƙasar tana hawa a hankali har ta zama tudu. Ba a ganin tekun daga nan, amma ana jin shi.

Yumma ta tsaya cak, ta ɗora tafinta a jikin wani itace. Ta daɗe a haka.

"Kamar hanyar gonarmu," ta ce.

Na shimfiɗa mata tabarma a gindin tudun. Ukasha ya tafi neman ruwa. Yana ba da baya ta kamo hannuna.

"Zauna, ina da magana."

"Yumma, maganinki tukuna..."

"Na ce ki zauna." Ta kalle ni da idanunta da suka yi rawaya. "Ki aure shi, Afra. Mu fasa tafiyar. Injin nan ma yana wanke ni, ba sai na Turawa ba."

"Yumma!"

"Ina da ido. Ina ganin yadda kike bin bayansa da kallo. Ni na ci nawa zamanin, ke fa?"

"Kar ki ƙara! Wallahi kar ki ƙara faɗa!" na ce. "Kin manta abin da likita ya ce a kan jijiyar hannunki? Kin manta ranar da kika suma a bas? So kike in sa lalle in zo in binne ki?"

"Mutuwa ai ba ta tambayar gari."

"To ta same ki a inda na yi iya ƙoƙarina. Khalas, Yumma. Mun gama."

Ta saki hannuna, ta kawar da kai. Da Ukasha ya dawo ya same mu shiru, ya kalle ta, ya kalle ni.

"Ku hau," Yumma ta ce. "Ni ƙafata ta kawo ni iyakarta. Ku bi ta nan inda zan riƙa hango ku. Ku je ku yi maganar da kuke ta gudu."

*

Siririyar hanya ce tsakanin itatuwa, busassun allurai sun rufe ta, taku ba ya ƙara. Yana gaba, ina biye. Can gefe wasu iyali sun baje suna ɓarar soyayyun 'ya'yan kabewa suna ci, rediyonsu na waƙa ƙasa-ƙasa. Muka wuce su. Iska na ratsa rassan da wani irin shuuu, kamar ana rarrashin jariri.

Ba wani tudun kirki ba ne, amma ƙafafuna kamar an ɗaura musu dutse.

"Kin gaji?"

"A'a."

"Afra..."

"Na ce a'a. Yalla, mu je."

Ya rage sauri har muka jera, da 'yar tazara a tsakaninmu kamar kullum. Ya tsinko wani ɗan reshe yana karyawa.

"Na yi tunani," ya ce. "Na yi istihara, na yi shawara. Akwai hanya, habibti."

Na juyo na kalle shi.

"Ki tafi da Hajja. Idan kun sauka kun zauna, takardunku sun fito, sai a ɗaura mana aure. Ko ta waya ne, da wakili. Daga nan ki nema mini izinin zuwa. Mutane suna yi. Zubairu, wanda muke ɗaki ɗaya, yayansa haka ya yi."

"Shekara nawa ya ɗauka?"

"Ya ɗan jima..."

"Nawa, Ukasha?"

"Allah ne masani. Amma ai ya tafi daga baya!"

"Dada fa? Ƙannenka fa? Ka bar wa wa?"

"Zan daidaita su tukuna. In gyara gida, in sa yara a makaranta, in samu abin yi. Kafin nan ke ma kin..."

Wayarsa ta katse shi. Ya duba, fuskarsa ta canja.

"Dada ce. Ma'alish, minti ɗaya."

Ya ɗan matsa, amma wurin shiru ne, ina jin komai. Muryar tsohuwar na fitowa siririya, tana karyewa. Matar gidan da suke raɓe ta fara gajiya da su. Fatu, autarsu, tana firgita cikin barci. An ce mutane sun fara komawa Mubi, amma rufin gidansu ya ƙone, wa zai je ya duba?

"Ni zan je, Dada," yake cewa. "Ki yi haƙuri. Da an gama jarrabawa ina tafe. A'a, ba zan sake barinku ba. Wallahi ba zan sake ba... Ki daina kuka, Dada."

Na jingina da wani itace ina kallon bayansa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yaushe ya rame haka ban lura ba?

Ba zan sake barinku ba. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Kuma da zuciya ɗaya ya gama ce mini zai biyo ni. Duka biyun gaskiya yake nufi, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan.

Ya dawo yana goge fuska, yana ƙoƙarin murmushi.

"To, ina muka tsaya?"

"Ba zan iya ba, Ukasha."

"Me?"

"Wannan hanyar taka. Ba zan iya ba."

"Ba ki ma tsaya kin yi tunani ba!"

"Tunanin me ban yi ba? Kana ganin barci nake yi da dare?" Na ji maganar na fitowa da kanta. "Ka san mene ne aikina tun da na bar Damazin? Jira! Na jira Abba ya biyo mu, bai zo ba. Na jira a layin ofis tun ina tsayawa da ƙafa har na koyi zuwa da kwali in zauna. Ina jiran inji ya gama da Yumma. Ina jiran madam ta dawo in tafi gida. Ina jiran waya, ina jiran suna, ina jiran ka... Yanzu kuma in je can cikin ƙanƙara in buɗe sabon jira? In zama matar waya? Kai kana Mubi kana jin kunyata, ni ina can ina jin haushin Dada, baiwar Allah da ba ta yi mini komai ba?"

"Ba haka zai zama ba!"

"Haka zai zama! Ranar da takardar za ta fito, za ka kalli Dada ka ce mata me? Ka faɗa mini! Me za ka ce mata?"

Ya yi jifa da reshen da ke hannunsa.

"To ki fito fili mana! Ki ce kin samu Kanada, ɗan Mubi ya zama kaya! Ki ce ba kya sona kawai!"

Kamar ya watsa mini ruwan zafi. Tunda muke bai taɓa ɗaga mini murya ba.

"Ni? Ni ce ba na sonka?"

"To mene ne wannan?"

"Ɗazun nan Yumma ta ce in fasa tafiya in aure ka. Ka san abin da zuciyata ta fara cewa kafin bakina ya ce a'a? Ka sani? Cewa ta yi to! Uwata, Ukasha! Na yi sakan ɗaya ina auna ranta da kai!" Hawaye suka ɓalle mini. "Kar ka ƙara ce mini ba na sonka. Ka ce mini komai, ban da wannan."

Ya sunkuyar da kai.

Na sulale na zauna a gindin itacen, na haɗa kai da gwiwa. Na yi kuka har ya ƙare da kansa, don ko ƙarfin kukan ba ni da shi sosai. Ƙasar da laushi, da ɗumi. Iska na ta shuuu a sama. Na ji shi ya zauna can nesa kaɗan, ya ce, "Afra, ki yafe mini..." Na so in amsa. Na ce bari in ɗan rufe ido tukuna, in samu abin faɗa.

*

Da na buɗe ido, ban gane inda nake ba.

Inuwa ta juya. Jaket ɗinsa na rataye a reshen da ke saman kaina, ta tare ranar da ta so ta sauka a fuskata. Shi kuma yana inda yake, ya rungume gwiwoyinsa, idanunsa jajur.

Na zabura. "Yumma!"

"Tana lafiya. Ina leƙa ta daga can bakin hanya. Ta sha magani, ta samu wata tsohuwa suna ta hira."

"Barci na yi?"

"Sosai."

"Innalillahi... Me ya sa ba ka tashe ni ba? Yinin ya tafi! Ɗan lokacin da ya rage mana..."

"Na yi niyya," ya ce. "Sau da yawa. Ina da maganganu cike da baki, na shirya hujjoji, har da aya da hadisi." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Sai na kalle ki. Afra, tunda na san ki ban taɓa ganin fuskarki a sake ba sai yau. Kullum goshinki a ɗaure, kullum kunnenki na jiran a kira ki. Ashe haka kike idan ba kya jiran kowa."

Na sunkuyar da kai ina cire allurai daga mayafina.

"Na zauna ina tunani, me nake roƙonki? In ƙara miki wani kaya a kan wanda kike ɗauke da shi, don kawai kar in ji zafin rabuwa yanzu. Wannan ba so ba ne, son kai ne."

"Kar ka ce haka."

"Bari in gama, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba." Ya kalli ƙasa. "Akwai abin da ya fi wannan muni. Da kika ce ba za ki iya ba, na ji zafi, wallahi na ji. Amma can ƙasan zafin... wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na ji sauƙi, Afra. Shi ya sa na yi miki ihu. Kunyar kaina ce ta kama ni."

Na ɗago na kalle shi. Ban ji haushi ba. Ko kaɗan.

"Ni ma," na ce. "Shi ya sa na yi barci."

Muka kalli juna. Sai ga dariya ta kuɓuce mana, mu duka, dariya mai haɗe da majina da hawaye, irin ta mutanen da suka kai ƙarshen ƙarfinsu. Wata mage da ke kusa ta tsorata ta gudu.

"Dube mu," ya ce yana share ido da bayan hannu. "Masoyan ƙarshen zamani."

"Tsofaffi biyu."

"Ke ce tsohuwa. Har minshari kika yi."

"Ƙarya ne!"

"Wallahi kaɗan."

Dariyar ta mutu a hankali. Ya miƙe ya zare jaket ɗinsa daga reshen.

"Saura kaɗan mu kai sama. Za ki iya?"

"Zan iya."

Muka ci gaba da hawa. Itatuwan suka yi ta raguwa, haske na ƙaruwa, sai kawai ga shi a gabanmu. Teku, shuɗi har inda ido ya ƙare, yana dukan duwatsu a ƙasa yana komawa. Iskar ta kusa fizge mini mayafi. Can nesa wani jirgin ruwa kamar ba ya motsi.

"Ta can za ku bi," ya ce, ya nuna da haɓa.

"Kai kuma ta bayanmu."

"Ni kuma ta baya."

Na riƙe bakin mayafina da kyau. "Ukasha, idan ka koma, ka samu yarinyar kirki wadda za ta riƙe maka Dada..."

"A'a. Ba yau ba, ya ƙalbi. Na yarda da komai, amma kar ki faɗi wannan yau."

"To."

"Zan so ki har in daina iyawa. Ban san yaushe ba ne. Kar ki sa mini rana."

"Ni ma kar ka sa mini."

Hannunsa na gefen nawa, tazarar ba ta kai taki ba. Bai taɓa riƙe shi ba tunda muke, ranar ma bai riƙe ba. Ya ɗaga nasa biyun sama, na ɗaga nawa. Ya roƙa wa Yumma lafiya, ya roƙa wa iyayenmu maza rahama. Da ya zo kaina muryarsa ta tsaya. Ni na ce amin a kan abin da bai faɗa ba.

Da muka sauko, Yumma ta kalli fuskata, ta kalli tasa. Ba ta tambaya ba. Ta buɗe kwanon kisra, siririyar wainar dawa irin tamu ta Sudan, ta tura gabansa.

"Ci, ɗana. Ka rame."

Ya sa hannu. Hawayensa na ɗiga a kan abincin, yana ci, ita kuma tana ƙara masa miya.

*

Ya gama jarrabawa da farkon zafi, amma ya ɗaga tafiyarsa har sai da ya ga tamu. Ranar da safe ya zo filin jirgi da farar jallabiya, shi kaɗai.

An ba Yumma keken guragu saboda nisan tafiyar ciki. Ya durƙusa a gabanta, ta dafa kansa da hannu biyu, ta daɗe tana motsa baki.

"Ka gaida mini Dada," ta ce. "Ka ce mata wata 'yar'uwarta ta ce ta iya haihuwa."

Ya miƙe ya fuskance ni. Mutane na ta wucewa da akwatuna, ana kiran jirage ta lasifika.

"Allah ya kiyaye hanya, Afra."

"Allah ya sada ka da su lafiya."

"Ki riƙa hutawa."

"Kai ma ka riƙa cin abinci."

Abin da muka iya ke nan. Ma'aikaciyar da ke jagorantar rukuninmu ta ɗaga hannu, "Yalla, yalla!"

Na kama keken na fara turawa. Hanyar shiga ta ɗan gangara, in na saki ko hannu ɗaya keken zai tafi da ita. Don haka ban ɗaga masa hannu ba. Ban juya ba. Ko hawayen ban samu hannun sharewa ba, suna ta sauka a kan mayafin Yumma ɗaya bayan ɗaya.

Ta ji su. Ba ta waiwayo ba, ta miƙo hannunta ta baya, wanda allurar inji ta gama huda shi, ta ɗora a kan nawa.

"Yana nan tsaye?" na tambaye ta.

Ta ɗan karkata kai ta duba ta gefena.

"Yana nan, ya bitti."

"Kuka yake?"

"Tura a hankali," ta ce. "Ni zan kalle shi a madadinki har mu sha kwana."